Asabar ɗin da Kojja Ya Fito Gaban Allo

Kojja Ssempijja, ƙanin mahaifiyata, mai fassara fina-finai ne a wata rumfar kallo a unguwar Nateete ta Kampala. Turawa na magana a allo, shi yana mayar da ita Luganda ta lasifika, yana ƙara gishirinsa. Fitilar kananzir ta ƙone masa rabin fuska tun yana rarrafe, shi ya sa Mukiibi, mai rumfar, ya ajiye shi bayan labule.

Mama ce ta ba ni labarin wata Asabar da rana da aka kawo fim ɗin tsoro. A fim ɗin wata mata ce mai tabo a fuska, 'yan garinsu suka kore ta, ta dawo tana kashe su ɗaya bayan ɗaya.

Mukiibi ya ce, "Mutumina, da ta cafke na farko, ka faɗo daga labule da ihu. Muna da dodo a gida, a bar shi haka kawai?"

"In na ƙi fa?"

"Masu baki sun cika Kampala."

Kojja ya ɗauki makirufo. Da 'yan garin suka fara tsokanar matar, sai ya watsar da zancen Turawan, ya sa musu na Nateete a baki.

"Ke, Gasasshiyar Ayaba, juya can kada madarata ta lalace!"

Rumfa ta kece da dariya, don kowa ya san Kojja ake kira haka a unguwar. Ya kwaikwayi mai gawayi da ke rufe idon ɗanta in Kojja ya wuce. Ya kwaikwayi Kizza ɗan acaɓa, har da tarinsa. Dariya ta soma ja da baya.

Kizza ya miƙe. "Kai, ai muryata ce wannan!"

Wani ya ce, "Zauna, ɗan iska, da kai za ta fara!"

Da matar ta ɗaga adda, Kojja ya ɗage labule a hankali, ya ajiye kujerarsa gefen allo, ya fuskance su. "Ku kwantar da hankali, na ci abinci," in ji shi, ya ci gaba da fassara.

Ba wanda ya gudu. Fim na ƙarewa Mukiibi ya nufo shi yana huci, sai Kizza ya tare hanya.

"Yallaɓai, in ka kore shi, kai za ka yi mana? Kai da ko gaisuwa sai ka yi in'ina?"

Mukiibi ya dubi cikar rumfar, ya ce wa Kojja fim na gaba ƙarfe huɗu ne, kada ya makara.