Labo Mai Ƙafar Gaba

Man gyaɗa ne ya ɓata baburan ƙasar nan. Tun daga Funtuwa har Malumfashi, in ƙafar gaban babur, wato bututan nan biyu masu riƙe da tayar gaba, ta tsiyayar da man cikinta, sai mai shi ya aika gida a ɗebo masa man gyaɗa a ɗura. Ai mai mai ne, haka ake cewa. Wata ɗaya biyu abin yana tafiya lau. Daga nan rana ta dafa shi ya koma kamar ƙaro, ƙafar ta daskare, kowane rami sai ya dake ka har haƙori.

Mutum ɗaya na sani da ya ƙi wannan aiki, shi ne Labo, bakaniken da rumfarsa ke jikin tawa a bakin tashar Malumfashi. Ni hatsi nake sayarwa, shekara da shekaru ina kallonsa. Bamaguje ne daga ƙauyukan bayan Dayi. Ba ya salla, ni ina yi. Wannan tsakaninsa ne da wanda ya halicce shi, ni aikinsa nake magana.

Kafin masu koko su sauke tukunya Labo ya share gaban rumfa, ya jera sifanu a kan buhu. In an kawo babur ba ya tambayar me ya same shi. Sai ya kama birkin gaba, ya danna kan da ƙarfi, ya saki. Lafiyayyar ƙafa, in ji shi, sauka take yi ta taso sau ɗaya ta tsaya. Wadda ta yi ta rawa ba mai a cikinta. Wadda ta ƙi sauka kuwa, sai ya kwance murfin ya sansana.

Ran nan Alhaji Maitama dillalin auduga ya kawo nasa. Labo ya sansana, ya dube shi.

"Alhaji, ƙosai za ka toya a ciki?"

"Kai Bamaguje, ƙara mini kawai in wuce, ana jirana a Bakori."

"Mai ƙosai tana can bayan tasha. Ni nan wankewa nake yi."

Alhaji ya yi fushi ya tura abinsa gaba, ya daina gaida shi. Ba shi kaɗai ba ne, da yawa sun gudu saboda Labo yana da jinkiri. Sai ya ɗaga gaban babur a kan turmi, ya zare sifirin, ya wanke bututun da kananzir har ya ga ƙarfe. Ya mirgina shi a kan faifan ƙarfe ya ga ko ya tanƙware. Mai kuwa na inji yake sawa, marar kauri, ya auna da gwangwanin madara, dama da hagu daidai wa daida. In mai babur mai ɗaukar kaya ne, sai ya yanko guntun bututun famfo biyu tsawo ɗaya, ya ɗora a kan sifirin don ƙafar ta ƙara ƙarfi. Na sha ce masa, "Labo, za ka mutu da yunwa." Sai ya ce, "Baba, ka ga na rame?"

Kai ne wanda ba a gaggauta ka, Labo. Gagara-gargada. Wanda ya hau aikinka ya san hannunsa bai yi tsami ba.

To, a ranin bara cutar agana, mai feso ƙuraje, ta sauka a ƙauyukan bayan Dayi. Yara suka fara kwanciya. Malam Hussaini mai lamba, wanda ke yawo yana tsaga wa mutane rigakafi, shi aka tura. Hanyar ba ta mota ba ce, turba ce da kwazazzabai. Da hantsi sai ga shi yana turo babur, gumi sharkaf, akwatin magani ɗaure a gaba. Ƙafar ta kulle gaba ɗaya, ya faɗi tun kafin ya fita gari. Masu babur a garin kaɗan ne, kuma ba wanda zai ba da aron nasa a shiga inda agana take.

"Labo, in ban isa yau ba, gobe kasuwa ce, za su kwaso cutar su kai ko'ina," in ji Malam Hussaini.

"Wa ya taɓa maka ƙafar nan?"

"Wani mai gyaran keke. Na ce masa akwatin yana da nauyi, ya ce zai ƙara mata ƙarfi."

Labo ya ɗauko sifana. Ya kwance murfin dama. Bisa ƙa'ida sifirin kan turo murfin da kansa, wannan kuwa shiru, sai warin man gyaɗa. Ya ɗauka sifirin ne ya karye. Ashe mai gyaran keken guntun icce ya fiƙe ya danƙara a kan sifirin da guduma, iccen ya sha mai ya kumbura ya toshe bututun. Labo ya sunkuya yana leƙawa, ya zura waya ya taɓa. Ina zaune na ji ƙarar. Iccen ya fito da duk ƙarfin sifirin, ya same shi a idon hagu.

Muka yi kansa. Jini har wuyan riga. Malam Hussaini ya wanke masa ya ɗaure, ya ce a kai shi asibiti yanzu yanzu, ga motar auduga za ta tashi Funtuwa.

Labo ya ce, "In na tafi wa zai haɗa wannan? Baba? Mudu kawai ya sani."

Na ce, "Kai, idonka fa."

"Ina da wani. Riƙe mini nan."

Na riƙe. Motar ta tashi ta bar mu. Da ido ɗaya ya wanke ƙafar dama, ya sa aka juya bakin ta hagu wajen bango kafin ya buɗe, ita ma da nata iccen. Bai tsallake komai ba. Ya yanka famfo, ya auna mai, ya ɗaure. Ya sa Malam Hussaini ya ɗora akwatin, ya kama birki ya danna. Ta sauka, ta taso, ta tsaya.

"Hau ka tafi, Malam. In ka isa gidan Tsohuwa, yayata ce, ka ce na ce ta fito da yaran duka, kada ta ɓoye ko ɗaya a rumbu."

Malam Hussaini ya isa kafin la'asar, ya yi kwanaki yana zagaya ƙauyukan, babur bai sake ba shi wahala ba. An yi rashi, ba zan ɓoye ba. Amma cutar ba ta kai kasuwa ba, yaran Tsohuwa kuma ga su nan da tabon lamba a damtse.

Labo, na gode maka, kuma na gode a madadin waɗanda ba su san sunanka ba. Ku kuma masu gyara, in ba ku iya ba ku ce ba ku iya ba. Masu babur, ku bar wa mata man gyaɗarsu, ku yi haƙuri da mai wankewa.

Sai washegari muka sami wata mota. Likita ya buɗe ɗaurin ya ce da jiya ne da ya gwada. Labo yana nan a rumfarsa, sai dai ya karkata kai kafin ya ga bakin noti. Idon hagu bai dawo ba.