Yaran da Suka Ƙi Gyara Mini Kuskure

Litinin: Bebeji da Kiru

Ƙarfe biyar da rabi muka bar Kano, ni da direbana Malam Habu. An aike ni makarantun sakandare huɗu in gwada ko ɗalibai na iya tunani irin na masu tsara aikin kwamfuta, wato jera aiki daki-daki da gano inda ya karkace. Da rahotona za a yanke ko a kawo musu darasin, ko a bar shi a birni.

Takwas saura kwata muna Bebeji. Na rubuta matakan ban ruwan albasa a allo: buɗe hanyar ruwa, jira fangalin shukar ya cika da ruwa, wuce na gaba. Da gangan na cire matakin toshe hanyar ruwan. Na ce, "Ga aikina, akwai gyara?"

Wata ɗaliba mai suna Hadiza ta ce, "Daidai ne, Baba."

A Kiru ma haka, har da tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai. 'Ya'yan manoman rani, a ce ba su san ruwa zai malale ba? Na dangwara musu sifili. Muka ci gurasa da tsire a Kwanar Dangora, muka sauka gidan wani abokina.

Talata: Tudun Wada da Doguwa

Tara daidai muna Tudun Wada, sifili na uku. A mota na fara rubuta cewa yaran ba su kai ba.

Bayan shingen sojoji na dajin Falgore, Malam Habu ya yi gyaran murya. "Malam, in yi magana? Ka tsaya da furfura da babbar riga ka ce aikinka ne. Wane ɗan mutunci zai ce ka yi kuskure? Ni ma shekara shida kana nuna mini hanyar da ba ita ba, ina cewa to."

Na ji kunya har wuya.

Ɗaya da kwata muka isa Doguwa. Na rubuta matakan nan dai, na ce, "Wani ɗalibi ne ya tsara a Tudun Wada, wai ba mai iya gyara masa."

Kafin in ajiye alli aji ya kaure. "Bai toshe ba!" "In ruwan ya ƙare fa, me zai yi?" "Bai faɗi inda za a tsaya ba, sai ya shayar da gonar maƙwabci!" Kuskure ɗaya na dasa, uku suka tono, biyun kuwa nawa ne na gaske. Shugaban makaranta ya ba mu masauki da faten dankalin Turawa.

Laraba: komawa

Dole muka bi sawu. A Tudun Wada na rubuta wani sabon aiki mai kuskure, na ɗora laifin kan ɗan Doguwa, a Kiru kan ɗan Bebeji, kowa ya ci. A Bebeji na tambayi Hadiza me ya hana ta magana ranar Litinin.

Ta sunkuyar da kai. "Baba, mun gani tun kana rubutawa. Cewa muka yi kada ka ji kunya, ka zo daga nesa."

Shida saura muka shigo gida lafiya, alhamdu lillahi. Ina godiya ga masu masaukinmu da Malam Habu, da yaran da suka zaɓi sifili don su rufa wa tsoho asiri. Na rubuta a kawo musu darasin.