Likitan da Ya Kore Ni Daga Ɗakin Hajiya

Ko da zan manta komai na zamana a Greensboro ta Amurka, ban da ranar da wani likita ya kore ni daga ɗakin mahaifiyata.

Shekarar nan Hajiya ta zo mana daga Kano, muna zaune a Pleasant Garden. Wata uku ba su cika ba ta fara ramewa. Ni ne ɗanta na fari, ni ne kuma tafintanta a asibiti, har da ɗan girman kai, wai ni mai Turanci. Duk tambayar da likita ya yi, sai ta kau da kai ta ce, “Da sauƙi.” Ni kuwa in fassara musu haka, a ba mu magani mu dawo. Har ta kai aka kwantar da ita, ba a san abin da ke cin ta ba, ni ma tsoro ya kama ni sosai.

Ran nan da hantsi likitarta ta shigo da wani dattijo mai furfura, ta ce babban likita ne daga London, ya zo koyar da likitocin asibitin na ɗan lokaci. Ɗan Birtaniya ne, amma asalinsa Kwara ne, mutumin Lebanon. Yadda ƙananan likitoci ke bin sa da littattafai, na san ba ƙaramin mutum ba ne.

Bai taɓa fayil ba. Ya tsaya yana kallon yadda Hajiya ke kau da kai duk lokacin da na yi magana. Sai ya tsuguna gaban gadon, da kwat ɗinsa da komai, ya ce, “Mama, sannu. Yaya ƙarfin jiki?”

Hausa ce tsantsa ta fito daga bakinsa. Ashe a Fagge aka haife shi, kakansa mai kantin atamfa ne, kafin a kai shi Ingila karatu.

Ya nuna ni da haɓa. “Mama, wannan na fari ne?”

Hajiya ta sunkuyar da kai, ba ta amsa ba.

“To, Malam, yi haƙuri, ba mu wuri.”

Na ce, “Dakta, ai ni ke fassara mata.”

“Na gani,” in ji shi. “Matar da ko sunanka ba ta faɗa, ita ce za ta gaya maka ciwon jikinta?”

Na fita. Ya sa aka kira wata nas, 'yar zangon Kumasi mai jin Hausa, ta zauna da su. Minti kaɗan Hajiya ta faɗi abin da ta ɓoye wata da watanni: ƙullutu ne a ƙirjinta. Ta gwammace ta mutu da ta faɗe shi ta bakina. Aka yi mata aiki a kan lokaci, yau tana Kano tana goyon jikoki.

Ban sake ganinsa ba. Har yanzu in na tuna, mamaki nake yi. Na girma ina ganin kunyar ɗan fari a gidanmu kullum, amma na zo Amurka na manta, sai da mutumin London ya tuna mini. Tun ranar na koyi cewa in babba ya yi shiru, in fara duba ko ni ne na hana shi magana.