Kalgon da Sabo Ya Bari

Sabo direban katafila ne. Daga Abaji ya zo tun gashinsa baƙi, ya yi furfura yana share tuddan bayan Bwari domin a gina gidajen da bai taɓa kwana a ɗayansu ba. Ba ya yawan magana. A nuna masa iyaka, ya hau, ya baje.

Abu ɗaya aikin ya koya masa: in inji ya yi ruri, kowace dabba tana gudu, ban da wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa da doguwar wutsiya. Shi ba ya iya dogon tashi. Daga wannan reshe sai wancan, wutsiya a ɗage, yana tsintar ƙwari yana tsiwa. Da damina yakan saƙa sheƙa da zaren ciyawa, ya ɗinke ta a jikin ganye daidai gwiwar mutum. Sabo ya niƙe irinsu da yawa bai ji komai ba.

Wata damina, a gangaren wani tudu, ya sauko duba ƙarfen gaba sai ya ga sheƙa a cikin kalgo, 'ya'ya tsirara sun wangale baki. Ya koma ya share ko'ina, ya zagaye kalgon.

Madam Rita mai kula da aikin ta zo ta riƙe ƙugu.

"Baba Sabo, aski ka yi wa tudun ka bar masa tukku?"

"Da masu gida a ciki, Madam."

"Suna da takardar fili?"

"Sun riga mu zuwa."

Ta leƙa, ta yi tsaki tana dariya. "To, su yi sauri su girma. Masu awon fili suna tafe."

Abin da bai lissafa ba shi ne, ciyawar da ya kwashe ita ce abincinsu, ita ce kuma rufin asirinsu. Uwar ta wuni tana zarya a kan jar ƙasa, ba fara, ba tsutsa. Hankaki kuwa suka jeru a kan tulin ƙasa suna kallon kalgo ɗaya tak a tsakiyar fili.

Da ya dawo da safe sheƙar a yage take, ba kowa. Uwar na kan reshe da ƙwaro a baki.

Sabo ya tsaya kaɗan. Ya jefa mata tsakuwa har ta tsallake iyaka ta faɗa dajin da ba a sayar ba tukuna. Sannan ya tada inji ya ture kalgon.