"Na Ji" Ta Inna Balki

Duk wanda ya saba sauka bakin kogi a Gaya ya san Inna Balki mai bandar kifi, ko da hancinsa ne. Murhunta uku na rabin ganga suna can gaba kaɗan da mashigar jirage, kuma direbobin manyan motoci ba sa haye gada zuwa Benin sai sun naɗe tarwaɗarta a takarda. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, 'yarta Zeinabu ke juya kifin, ita kuwa tana kan kujera tana juya Zeinabu.

'Yar masunta ce daga wani ƙauye na wajen Tanda. Da Dandanci, yaren ƙauyensu, ta buɗi baki, da shi take faɗa, da shi take addu'a in abin ya kai mata iya wuya. Hausa kuwa a kasuwa ta tsince ta bayan aure ya kawo ta Gaya, irin Hausar da ke isa gaisuwa da ciniki da korar kuliya. Da mijinta Yazidu mai fito ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, ba ta koma gida ba. Ta kafa murhu a gindin wata giginya, ta shekara ashirin da shida a nan, har hayaƙi ya rina mata fararen idanu.

Ana nan sai aka gina ɗakin haihuwa dab da giginyar. Ba a rufa shekara ba unguwarzoma ta kai kuka cewa hayaƙi yana shiga wa jarirai. Wata safiya wani ma'aikacin biro, wato ofishin hukuma, ya zo da takarda, tsohon planto Alassan, mai kai saƙonnin biron, yana biye da shi riƙe da tawada. Ma'aikacin ya dubi Faransancin da ke takardar ya zuba mata shi da Hausa kamar mai tsoron mota ta tashi ta bar shi. Balki ta tsinci "hayaƙi", ta tsinci "kwana takwas", sauran ya bi iska. Ta sunkuyar da kai, kamar yadda aka koya mata in babba na magana, ta ce, "Na ji." Aka miƙo tawada ta dangwala, a zatonta shaida ce cewa saƙo ya iso. Rashin sani ya fi dare duhu: abin da ta dangwala wa ya ce ta amince ta kwashe murhunta zuwa bayan kasuwar dabbobi, inda babu ruwa, babu mai wucewa sai ƙuda.

Alassan mutum ne mai shiru, shekara talatin yana kai takardu ba a taɓa jin ya sa baki a abin da ke cikinsu ba. Amma ranar abin ya tsaya masa a rai. Shi ma Badande ne, ya san wannan "na ji" ɗin, uwarsa ma da shi take sallamar mai tayin banza. Da suka koma ya tsaya a ƙofar Madam Latifa, sakatariyar da takardu ke bi ta hannunta kafin a buga musu hatimi, ya yi ta murza hularsa har ta ɗago.

"Madam, tsohuwar nan cewa ta yi ta ji. Ba ta ce ta yarda ba."

Da wata ce, da ta ce masa aikinsa kai takarda ne, ya je ya ji da kekensa. Madam Latifa ajiye hatimin ta yi. Ta ce ba a raba mutum da abincinsa a bayan idonsa, kuma wanda aka yi wa magana da harshen da bai ƙware ba kamar ba ya nan ne. Ta sa aka tsayar da kwana takwas ɗin, aka sa ranar zama, aka ce ma'aikacin da ya rubuta rahoton zai zo ya yi bayani amma ba zai zauna cikin masu yanke magana ba.

Alassan ne ya kai wa Balki kiran, ya warware mata komai da Dandanci. Sai a lokacin ta gane abin da yatsanta ya ja mata. Da yamma ta aika masa da ƙatuwar tarwaɗa, ya mayar da ita yadda ta zo, don kada a ce an saye shi. Ta yi fushi sosai, ta ce ashe shi ma bakinsu ɗaya da mutanen biro.

Ranar zama ta sa zanenta na salla. Aka ce ta yi magana da harshen da ta ga dama, Alassan zai fassara. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Matar da suka ɗauka ba ta da baki ta yi kusan awa ɗaya ba ta haɗiye yawu ba. Ta ce ta haifi bakwai ta binne uku, ba ita ce za ta so hayaƙi a hancin jariri ba, da an tambaye ta da tuni ta faɗi haka. Amma kifi ba ya jira, in aka nesanta ta da ruwa ya ruɓe kafin ya hau raga. Ta ce ta san iskar bakin kogin nan fiye da yadda suka san takardunsu, kuma akwai wani fili gaba da mashigar jirage inda hayaƙi kan bi ruwa ya tafi, ba ya juyowa cikin gari.

Gani ya kori ji. Washegari masu yanke magana suka sauka bakin kogi har da unguwarzoma, Balki ta hura ɗanyen ganye a filin, kowa ya ga inda hayaƙin ya nufa. Giginya dai ta rasa ta, kuma ta yi kuka ranar da aka ɗaga murhun farko. Amma filin ya zama nata a rubuce, da dalilan da suka sa. Har yau in ta idar da salla tana sa Alassan da Madam Latifa a addu'a, kuma tun da Alassan ya ajiye aiki babu Juma'ar da tarwaɗa ba ta zuwa gidansa. Yanzu ba shi da hujjar mayarwa.

Ranar da za ta dangwala wa sabuwar takardar, an karanta mata ita layi-layi, Alassan yana mayar mata da Dandanci. Madam Latifa ta tura mata tawada ta ce, "Inna, kin ji?"

Balki ta dube ta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi wa ma'aikaci ba.

"Ji kam, ɗiyata, tun ranar farko na ji. Yau na yarda."