Afiniki da Dambun Maƙwabciya

Duk wanda ya zauna a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ya san Afiniki matar Eli, in bai ganta ba to ya ji ta. In ta tsaya bakin rijiya ta ƙwala wa ɗanta kira, direban jirgin Jos kan taka birki, ya zaci usur aka busa masa. 'Yar wani ƙauye ce a bayan Kachia, inda yaro kan iya tsaga citta tun bai iya ɗaura wando ba. Aure ya kawo ta gari, ta kafa tukunyar kunu da gwaten acca a bakin tasha, ranar Lahadi kuma ita ke kaɗa tulu a zumuntar mata. 'Ya'yanta mata uku ne sai namiji ɗaya, Azariya, wanda take ji da shi kamar ita ta fara haihuwar namiji a kudancin Kaduna.

Katanga ɗaya ta raba ta da Asibi matar Lawal mahauci, katangar ma ta zube har ta kai ƙugu, ta nan ake miƙa garwashi da gulma. Lokacin rikicin tamanin da bakwai a ɗakin Afiniki Asibi ta ɓuya da yaranta. Tun daga nan in Eli zai yanka kaza sai ya kira Lawal ya yanka, don kowa ya samu ci.

A casa'in da ɗaya aka ɗauki Azariya da Zubairu ɗan Asibi aikin sojan ruwa, aka tura su horo can wajen Fatakwal. Yaran da ba su san wani ruwa ba sai wanda ke gangarowa daga dutsen Matsirga! Ranar tafiya iyayen biyu suka rungume juna suka yi kukan da ya kusa ɗaga jirgin daga kan dogo. Daga nan gida biyu suka zama ɗaya. Eli ya hau ya gyara wa Lawal kwanon ɗaki, Lawal kan aiko da ƙashin miya, Asibi ta tura 'yan matanta su taya Afiniki surfe.

Suka kuma yi garwa ɗaya. Afiniki ta zuba soyayyar gyaɗa da gari da ƙuliƙuli, Asibi ta ɗora dambun nama a kai, a ɗaure da igiya a bai wa Malam Nuru mai duba tikiti a jirgin Fatakwal. Shi kuma ya miƙa wa wani kuku ɗan Kagoro da ke dafa wa kuratan abinci. Ta hanyar nan saƙon baki ke dawowa.

Malam Nuru mutum ne da bai iya rage magana ba. Yana sauka daga jirgi, matan biyu na tsaye, ya gyara hula ya ce, "Suna lafiya. An aske su ƙwal, an ce gudu suke yi kamar an biyo su da wuta. Azariya ya ce a gaishe da Inna Asibi, dambun nan shi ke riƙe da ransa."

Afiniki ta jira. "Sai kuma me?"

"Sai kuma a ƙara dambun."

"Bai yi maganan gyaɗa ba?"

"Ya yi. Ya ce gyaɗar ta iso."

Ta iso! Gyaɗar da ta tsince ɗaya-ɗaya, ta soya da yashin da ta wanke kamar za a yi masa baftisma. Ta yi wa Asibi murmushin da ya kusa tsaga mata kunci, ta koma gida ta sami Eli yana sauraron rediyo.

"Baban Aza, ka ji ɗanka? Ni na goye shi har bayana ya lanƙwashe, yanzu Asibi ce ta riƙe ransa."

"To ai nama ne, Afiniki. Ke in aka ajiye miki gyaɗa da nama, wanne za ki yi wa godiya?"

"Kai ma ka koma gidan Lawal su aure ka."

Jirgi ya sake zuwa, saƙo bai canja ba. Na gaba ma haka, har da ƙarin cewa kuratan Ibo sun koyi faɗin "dambu". Afiniki ta rame a tsaye. Ranar Lahadi ta kaɗa tulu da ƙarfin da ya sa fasto ya manta ayar da yake karantawa. Asibi kuwa ba ta san ana yi ba, kullum sai ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman Aza, zo ki ɗanɗana, na yaranmu ne." Wannan "yaranmu" shi ke hana Afiniki numfashi.

Sai dabara ta faɗo mata. Akwai abu ɗaya da Azariya zai ci, Zubairu ba zai taɓa ba, Asibi kuma ba ta isa ta dafa ba ko za ta shekara tana koyo. Ranar Alhamis ta tafi kasuwar Katsit ta zaɓo naman alade, ta jawo tsohuwar tukunyar da take ajiyewa daban a bayan rumbu, ta soya shi ya bushe ƙayau. Ta san ba zai shiga garwa ba, ba kuma za ta ɗora wa Malam Nuru ba, rashin hankalinta bai kai nan ba. Sai ta ƙulle shi ta bai wa Hellen, wata 'yar zumunta mai kai citta Fatakwal.

Ta manta hayaƙi ba ya tsayawa a katanga. Asibi ta ji ƙauri, ta kuma ga Hellen ta fita da ƙunshi.

Da Malam Nuru ya dawo, a gaban masu sayen kunu ya kwance saƙo. "Azariya ya ce a roƙi Mama kada ta sake aiko masa da abu shi kaɗai. Ya ce shi da Zubairu hannu ɗaya suke sawa a leda, abin da ɗaya ba zai ci ba ɗayan ma ba ya buɗewa. Ya ba 'yan Kalaba. Su kuma sun ce a gaishe da Maman Kafanchan, Allah ya ƙara mata lafiya, suna jiran na gaba."

Masu shan kunu suka ƙware da dariya. Asibi ce kaɗai ba ta yi ba. Ta kwance igiyar garwa ta ce, "Maman Aza, namanku ne, ba wanda ya hana ku. Amma tun da kin iya ƙunshi daban, to kowa ya yi nasa." Ta ɗauki garwarta ta wuce.

Mako ya zagayo ba a miƙa ko garwashi ba. Afiniki ta ce ita ko a jikinta. Amma in ta ɗaga ludayi sai ta ga Azariya yana gudu a rana da gyaɗa zalla a ciki, Zubairu na tauna nama a gefensa. Ta san Zubairu zai raba da shi. To nan ma ai Asibi ce za ta sake cin godiya, ita kaɗai wannan karon.

Da hantsi ta ɗaura zani ta bi ta ƙofa, ba ta katanga ba.

"Salamu alaikum, Maman Zubairu."

"Wa'alaikumus salam. Yau kuma baƙuwa muka yi?"

"Na zo ki koya mini wannan abu naki."

"Wane abu?"

"Kin sani. Kada ki sa in kira sunansa, zai tsaya mini a wuya."

Asibi ta dube ta sama da ƙasa, dariya ta ƙwace mata. Ta miƙo taɓarya. "Wanke hannu. Da sabulu, Afiniki, na san inda hannun nan ya je."

Lawal ya kawo cinya, aka dafa har ta saki, Afiniki ta daka kamar turmin ne ya yi mata laifi. Da aka zo soyawa ta ce Asibi ta je ta zauna, ai ta gane. Asibi ta ce a bi shi a hankali, ta ce ita ba yau ta fara girki ba, tana girki tun Asibi na wasan ƙasa. Aka zuba a garwa ɗaya, aka ɗaure, ba a faɗa wa Malam Nuru komai ba.

Ranar da jirgi ya dawo Afiniki ta bar kunu a hannun 'yarta ta tsaya gaban kowa. Malam Nuru ya sauko yana sosa ƙeya, ya dubi Asibi.

"Inna, ki yi haƙuri, ni ɗan aike ne. Sun ce dambun wannan karon gishiri ne aka barbaɗa wa nama. Zubairu ya sha ruwa har ya kasa fareti. Azariya kuwa yana sa shi a baki ya ce, wallahi Mama ta taɓa wannan tukunyar."

Asibi ta buɗe baki za ta rufa mata asiri, Afiniki ta ture ta gefe.

"Ya ce haka? Da bakinsa? Ya ce Mama?"

"Ya ce."

"Ya ci?"

"Shi ya cinye, yana ci yana hawaye. Ban sani ba ko gishirin ne."

Afiniki ta ɗaga hannu sama ta rangaɗa guɗar da ta kori tattabarun tasha har Manchok. "Halleluya! Ɗana ya gane hannuna!" Ta juya ga Asibi. "Kin ji ko? Naki wata nawa yana ci, ya taɓa kuka?"

Asibi ta ɗora garwa a ka ta ce, "Mu je gida. Na gaba ke za ki daka, amma kwanon gishiri a ɗakina zai kwana."