Bolt Shida

Shekara talatin da huɗu Mai Rediyo ya yi a kan benci ɗaya, a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin tela da mai yankan makulli. A gindin teburinsa akwai kwali cike da adaftoci, wayoyinsu sun sarƙe kamar saiwa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: bolt, wato ƙarfin wutar adafta, ya zo daidai, ampiya, wato adadin wutar, ko ta yi yawa ba laifi, ƙaramar na'ura iya cikinta take sha.

A da ko rubutu ba ya dubawa. Adaftocin wancan zamani da ƙarfe a cikinsu, kowace iri ya san nauyinta a tafin hannu. Na yanzu duk sakayau suke kamar kwalin ashana, sai an karanta 'yan mitsi-mitsin lambobin da ke bayansu. Shi kuwa ganinsa ya daɗe yana dusashewa, bai gaya wa kowa ba.

Ranar wata Laraba ƙanwarsa ta zo da na'urarta ta awon hawan jini.

"Yaya, ɓera ya cinye mini wayar adafta. Mai bolt shida aka ce in nema."

"Ke da ko batirin tocila ba ki iya sawa daidai ba, yau ke ce malama? Zauna."

Ya lalubo wata a kwali, ya kai ta dab da hanci kamar mai hure ƙura, ya karkata ta wajen haske. Ya hango wani abu mai kama da shida. Bakinta ya shiga ramin na'urar ɗas, ya jona. Fuskar na'urar ta yi wal sau ɗaya, sai ƙauri ya tashi.

Ƙanwar ta zare adaftar, ta juya bayanta.

"Sha shida ne, Yaya. Ga ɗaya nan a gaba, ɓaro-ɓaro."

Ta bar kallon na'urar, ta tsura wa idonsa ido.

"Tun yaushe?"

"Tun bara waccan. Na je asibiti a ɓoye. Sun ce jijiya ce, ba a yi mata aiki."

Tela ya leƙo ta kan kekensa. "Maigida, ga wani da rediyo yana jira."

Mai Rediyo ya shafa teburin har hannunsa ya sami sukudireba, ya jefa ta a aljihun tebur, ya tura.

"Ce masa ya kai gaba."